Ragon Tela da Wuƙar Kakana

Shekaranjiya ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa, na bi ta bayan kasuwa, sai wani ƙamshi ya tare ni: albasa da aka daɗe ana soyawa har ta yi duhu, da barkonon nan na Habasha mai shiga hanci ba sallama. Na ja na tsaya kamar wadda aka kira. Nan take kuma raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da ya tsufa tare da mai shi. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu. Labarin yafiya zan ba ka, amma ban yi alkawarin ba da shi da fara'a ba.

A garin Gadarif na tashi, kusa da iyakar Habasha, a gidan kakana na wajen uba, cikin ɗakunan ciyawa masu tsinin kai da dangar kara. Ƙasarmu baƙa ce, ba ta san tsaka-tsaki ba. Da damina ta ƙwace maka takalmi, da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Kakana dillalin riɗi ne, jikan mutanen da suka taso daga yamma da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a nan don su ɗan huta. Har yau ba mu gama hutun ba.

Bayan dangarmu akwai wani Bahabashe, Kirista, tela, wanda yaƙin ƙasarsu ya koro shi da matarsa da 'ya'yansa. Siriri ne, da ɗan gicciye ɗaure da baƙin zare a wuya. Kakana yana ce masa "ya jar", wato maƙwabci, shi kuma yana cewa "ya Hajj". Mutum ne mai gaskiya, ɗinkinsa ba ya warwarewa. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: ba ya fushi.

Awakinmu suka cinye atamfar da wata mata ta kawo masa ɗinki, ya ce ma'alesh, ba komai. Kakata ta ware masa kofin shayi na daban, mai tsagaggen baki, tana wanke shi da toka bayan ya tafi. Ya gane, sai ya riƙa miƙa hannu ya ɗauko kofin da kansa don kada ta ji kunya. Kakana yakan zaunar da shi bayan la'asar ya yi masa bayanin wutar lahira dalla-dalla, kamar wanda ya je ya auno ta, tela yana gyaɗa kai yana datse zare da haƙori. Shekarar da zazzaɓi ya ɗauke masa ƙaramin ɗansa, mazan gidanmu ba su bi gawa ba, suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo. Da ya dawo daga maƙabarta, shi ya tako ya yi musu godiya da suka tsaya. Mahaifiyata ta juya ta shige ɗaki tana cewa, "Wannan bawan Allah zai kashe ni da haushi."

Kiristocin Habasha suna da wani dogon azumi, kusan wata biyu ba nama, ba madara, ba man shanu, kuma yana faɗowa a tsakiyar bazara, lokacin da garin ke komawa tanderu, ruwan sha ya zama abin da ake gaisawa a kai. A ƙarshensa ne idinsu, Fasika. Duk shekara tela yakan sayi rago, ya jawo shi ƙofarmu da hantsi, ya ce, "Ya Hajj, a taimaka mana da wuƙa." Kakana ya ɗan ja aji, ya sake alwala, ya fuskantar da ragon alƙibla, ya yanka. Matar tela ta dafa, kafin la'asar manyan farantai sun fita zuwa gidajen Musulmin unguwa, nama jajir a kan injera, wainarsu mai faɗi da tsami.

Kakana yana da fassararsa game da wannan al'ada, kuma ba ya ɓoye ta. "Zuciyarsa ta san gaskiya," in ji shi, "bakinsa ne bai kai ba tukuna. Kun taɓa ganin wanda ya yarda da yankansa ya je neman na wani?" A lissafinsa, kowane rago taki ne zuwa masallaci. Ba wanda ya taɓa tambaya me ake ci a gidan tela a ranar. Bakunanmu a cike suke.

Sai aka shiga shekarun nan da gwamnati ta ɗaura aniyar koya wa Musulunci hanya zuwa gidajen da ya riga ta shiga. Aka kwashi samari zuwa sansanin horo, ciki har da baffana, ƙanen mahaifina. Ya tafi yana saurayi mai son ƙwallo da waƙa, ya dawo da gemu da kakin soja da ɗan yatsa a sama. Aka sa shi cikin kwamitin unguwa, masu rabon sukari da sa ido. Wandon kakin ya yi masa tsawo, kuma ka san wanda ya rage masa shi ya tsaya daidai bisa idon sawu.

Da Fasika ta gabato, baffa ya samu kakana a rumfa ya ce masa yanka don bikin Kirista taimaka wa shirka ne, kuma magana ta fara yawo a kwamiti. Kakana ya yi ta jan carbi. Ban san wanne ya fi tsoratar da shi ba, kwamitin da ke iya taɓa wurin zamansa a kasuwa, ko a ce ɗan cikinsa ya fi shi tsoron Allah. Ranar idin dai, da tela ya jawo ragonsa ya yi sallama, kakana ya lafe a ɗaki kamar ba ya nan. Baffa ne ya fito, ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji.

"Wuƙar gidan nan ta daina yanka wa gicciye. Ka ja dabbarka."

Tela ya dubi ƙofar ɗakin kakana, ya dubi ragon. "Ma'alesh," ya ce. "A gaida Hajj."

Mai hankali zai ɗauka cewa an gama ke nan, ya koma gida ya yanka abinsa. Ina! Sai ya ja ragon cikin wannan rana har kasuwa, shi da bai ci abin kirki ba tun watan jiya, ya nemi mahauci Musulmi ya yanka masa, ya ɗoro naman a amalanken jaki ya dawo. Da la'asar sai ga 'yarsa, abokiyar wasana, ɗauke da faranti a ka, ta sha farar rigar idi. Ta yi sallama. Baffa ya tare ta a ƙofa, ya sa hannu ya kifar da farantin.

Har yau ina ganin jan romon nan yana bin tsagar ƙasa, kajinmu sun yo kansa da gudu. Yarinyar ta durƙusa ta ɗauki farantin, ta kakkaɓe shi, rigarta duk ta ɓaci, ta koma gida. Gidanmu ya yi tsit. A cikin wannan shirun ne muka ji muryar tela ta bayan danga, a hankali, yana ce wa matarsa, "Akwai saura a tukunya. Zuba musu wani, yaran Hajj ba su ci ba."

Nan ne matar ta fashe. Allah ya saka mata da alheri, don ita kaɗai ce a gidan nan aka halitta da irin zuciyarmu. Ta zo jikin danga ta buɗe kara da hannu biyu, ludayi a ɗaya, ta leƙo.

"Ya Hajja! Ya Hajj, na san kana ciki, ka ji da kunnenka! Ku tambayi mutumin nan, duk shekarun nan ya taɓa sa tsoka ɗaya ta ragon nan a bakinsa? Mu a wurinmu Kirista ba ya cin yankan Musulmi, kamar yadda ku ba ku cin namu. Wata biyu yana cin wake da ganye, ya sayi rago ya kawo muku don ku iya ci, ni da 'ya'yana mu yi ta rabon kaza ɗaya ramammiya da ya yanka a bayan ɗaki! Yau kuma kajinku ne suka yi idi!"

"Ya isa haka," in ji tela. "Yau ranar murna ce."

"Murnar wa? Kai dai ka yi ta ma'alesh har su ɗauke rufin ɗakin!"

Kakata, wadda kunya takan fito mata da siffar faɗa, ta buga muciya a ƙasa ta ce, "To shi wa ya aike shi? Mutum ya yi ta ɗora maka nauyi shekara da shekaru, ko ya gaya maka!" Kakana bai fito ba sai da aka kira magariba. Ya yi sallarsa a gida, ya ƙi cin tuwo.

Washegari da sassafe tela ya zo gaisuwa kamar kullum, tef ɗin awo a wuya zai tafi kasuwa. Kakana yana zaune a gadon igiya, ya dube shi ya daɗe.

"Ya jar, wai kai ba ka da zuciya ne?"

"Ina da ita, ya Hajj. Jiya ta tafasa har na kasa cin kazar. Amma azumin nan duka na yi shi ne ina roƙo a yafe mini. Da wane ido zan fito ranar idi in riƙe wani? Yaro ne. Gemun ne ya yi masa nauyi."

Kakana ya ce, "Kai dai ba ka da daɗin zama," ya juya masa baya.

Ya kamata ka san cewa kakana ba ya sakin kuɗi da sauƙi; ko ƙwayar riɗi ta faɗi ƙasa sai ya tsince ta. Don haka da aka gan shi ranar kasuwa yana jan bunsuru mai ƙiba, unguwa ta fito kallo. Bai shigo da shi gidanmu ba. Ya wuce kai tsaye ƙofar tela, mu yara muna biye, ya miƙa masa igiyar.

"Yanka. Da hannunka, da wuƙarka. Zan ci."

Karo na farko ke nan da na ga ma'alesh ta ƙare wa tela.

"Amma ka ji sharaɗina," in ji kakana. "Ka ambaci sunan Allah da ƙarfi in ji. Sauran abin da kuke ƙarawa, ka faɗe shi a cikinka, kada ya iso kunnena."

Baffa ya iso yana haki, ya fara jawo hujjoji. Kakana bai ko waiwaye shi ba. "Malamai sun halatta yankan Ahlul Kitabi tun kafin gemunka ya san hanyar haɓarka. Na sani tun ina yaro, ƙyanƙyami ne kawai ya hana ni. Je ka gaya wa kwamiti cewa ubanka yana cin bunsuru."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin tela. Kada ka zaci gidanmu duka ya tuba ya bi. Kakata ta ce cikinta ba daidai yake ba, mahaifiyata ta ci injera ta bar naman a gefe. Kakana kuwa ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, fuskarsa kamar wanda za a ɗura wa magani. Suka sa hannu a faranti ɗaya, shi da mutumin da ya ciyar da shi shekaru bai ci ba.

Sai tela ya yi abin da mutanensu ke yi wa wanda suke girmamawa: ya naɗe tsoka a cikin injera, ya yi loma ƙatuwa, ya nufi bakin kakana da ita. Dattijon da rabonsa da a ba shi abinci a baki tun yaye! Ya ja da baya, ya dubi mutanen da suka cika ƙofa, ya dubi hannun da ke tsaye a gabansa. Ya buɗe baki. Barkonon ya kama shi, hawaye suka zubo masa har gemu, yana tauna yana tari. Matar tela ta miƙo masa ruwa tana cewa, "Ci, ya Hajj, da gangan na ƙara shi." Da ya samu numfashi ya ce, "Wannan ba abinci ba ne, hisabi ne. Ƙaro."

Baffa ya yi fushi ya tafi garin Fau aikin gona, bai dawo ba sai da kaka ta wuce. Kwamiti ya yi gunaguni, sukarinmu ya yi ta makara na ɗan lokaci, muka sha shayi da dabino ba mu mutu ba. Tela bai musulunta ba, kakana kuma bai daina yi masa bayanin wuta ba har ya rasu.

Yanzu tela da iyalinsa sun daɗe da komawa ƙasarsu, ban san ko yana raye ba. Yaran da nake koyarwa sun fi mu sanin hukunce-hukunce, suna iya jero maka abin da ya halatta da abin da ya haramta tsakaninka da wanda ba addininku ɗaya ba, amma da yawansu ba su taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Baffa kuwa ya tsufa, a gidana yake zaune, gemun ya yi fari ya yi laushi, haƙoran sun zube. In an yi baƙi yakan ba su labarin wani maƙwabci Bahabashe da aka yi, mutumin kirki, "mun zauna da shi lafiya ƙalau." Ni kuwa ina tsaye da faranti a hannu, ina jinsa. Wanda aka yi wa laifin ya yafe tun a ranar, ya yi tafiyarsa sakayau, ya bar mini fushin ina ta renonsa ba wanda ya sa ni. Jiya ma da na kai masa abinci na ɗan tsaya a kansa, farantin a hannuna, na daɗe fiye da yadda ya kamata. Ya ɗago ya ce, "'Yata, kin dai dafa naman ya yi laushi ko?"

Na ce ya yi, Baffa. Na durƙusa na yayyanka masa.