Kabad ɗin Babana Ba na Faranti Ba Ne

Babana kafinta ne, kuma duk wanda ya san shi ya san shi da abu biyu: fensir a bayan kunne da tef ɗin awo a aljihun gaba. Ko dubiyar mara lafiya zai je, da su yake tafiya. Mama takan ce da za a ƙyale shi, sai ya auna gadon asibitin ya gaya wa likita ƙafa ɗaya ta gaza.

Abu na uku shi ne wanda ya jawo mana surutu shekara goma sha ɗaya. Ina aji biyu na sakandare ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, masu korayen riguna, ta kai wasan ƙarshe na gasar kofi a karon farko. Yaran sun iya ƙwallo, wannan ko maƙiyi ba ya musu. Saura mako biyu a buga wasan, Baba ya wanke ƙafa ya tafi ofishin masu shirya gasar, ya roƙi a nuna masa kofin, ya zaro tef ya auna tsawonsa da faɗin hannuwansa. Ya dawo ya ture aikin mutane gefe, ya zaɓi katakon da ya fi kowanne kyau a shagonsa, ya haɗa kabad mai ƙofar gilashi, ya shimfiɗa koren ƙyalle a ciki. Bai sa kanta ko ɗaya ba, tunda kofi a tsaye yake zama. Ya kai shi ɗakin taron ƙungiya, ya kafa a bangon da ke kallon ƙofa, ya kulle, ya haɗa makullin da na shagonsa.

"Maigida, anya ba ka yi gaggawa ba?" in ji Mama. "A bari kofin ya zo mana."

"Ba a fafe gora ranar tafiya," ya ce. "So kike kofi ya zo a ajiye shi a kan benci?"

Ranar wasan, saura minti uku a tashi aka zura wa yaranmu ƙwallo ɗaya. Suka dawo da faranti, irin wanda ake ba na biyu.

Bayan shekara biyu suka sake kaiwa, aka ci su a bugun fenariti. Karo na uku ƙwallonsu ta daki ƙarfen raga sau uku, ni da idona na ƙirga. Na huɗu kuwa su ne a gaba da biyu da nema har aka tafi hutun rabin lokaci, kada ma a tambaye ni yadda aka ƙare. A tsakanin nan babu ƙungiyar da ba su lallasa ba. Sai an ajiye kofi a kan tebur a gefen fili, sannan ƙafafunsu su manta abin da suka sani. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi suka laƙaba mana Masu Faranti. Ni kuma a makaranta 'Yar Mai Kabad ce, kuma na tsani sunan nan kamar me. Na sha yin addu'a gara ta cinye kabad ɗin in huta, amma ina, katakon Baba ba ya jin gara.

Shi ko a jikinsa. Kowace Asabar da safe yakan je da tsumma ya buɗe, ya kaɗe ƙyallen, ya goge gilashin ciki da waje, ya mayar ya kulle. Farantan nan huɗu suna cikin kwali a ƙarƙashin teburin Ciyaman.

Ciyaman, shugaban kwamitin ƙungiyar, mai kantin magani ne, mutum mai son tsari. Bana da aka sake kaiwa wasan ƙarshe, ya zo har shago. Na kawo wa Baba abincin rana, don haka a kunnena aka yi.

"Baba Kafinta, kwamiti ya zauna. Kabad ɗin nan wayam yana karya wa yara gwiwa. In mun ci ranar Asabar, shi ke nan. In ba mu ci ba, ka sa masa kantoci mu jera farantanmu. Da babu ai gara ba daɗi."

Baba bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba. "Kofi na auna, Ciyaman. Ban auna faranti ba."

"To in ka ƙi, za mu kira wani kafinta ranar Litinin."

"Ku kira. Ku gaya masa ya zo da guduma, don makulli yana wurina."

Ya yi maganar da ƙarfi, amma da Ciyaman ya fita na ga ya daɗe yana goge wuri ɗaya. A nan na gane ba katako ake jayayya a kai ba. Ranar da faranti ya shiga kabad ɗin nan, Baba ya yarda ke nan mu na biyu ne, kuma shekara goma sha ɗaya yana ƙin yarda.

Ga wani abu kuma. Masu gasar sun sake kofi bana, sun kawo sabo. Ranar wasan Baba ya ce in raka shi da wuri. Idanunsa sun fara yana, ba ya ganin ƙananan lambobin tef, kuma ya fi son ya mutu da ya faɗa wa wani a waje. Masu tsaron teburin sun san shi, har suna tsokanarsa ko ya zo gaida surukinsa. Ya ɗora tef, ya danne da babban yatsa, ya miƙo mini. Na karanta masa a hankali. Sabon kofin ya fi tsohon tsawo da inci huɗu. Ko an ci, ba zai shiga kabad ɗin ba.

Ba a ci ba. An tashi ɗaya da ɗaya, aka je fenariti. Dogo, mai tsaron ragarmu kuma kyaftin, wanda ya buga wasannin ƙarshen nan duka biyar, ya tare biyu, 'yan gabanmu suka zubar da uku. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma rabin kukan na haushi ne. Baba dai ya naɗe tef ɗinsa ya ce mu tafi kafin hanya ta cushe.

Litinin da sassafe ya tashe ni in riƙe masa tsani. Ƙarfe goma Ciyaman ya shigo ɗakin taron da 'yan kwamiti, Dogo a bayansu rungume da kwalin farantai, biyar yanzu. Suka tarar da Baba a kan tsani, ya cire rufin kabad ɗin, ga sabbin katakai da gilashi jingine a bango. Fuskar Ciyaman ta washe.

"Yauwa, Baba Kafinta! Na san za ka fahimta. Kanta nawa za ka sa?"

"Wace kanta? Tsawo nake ƙara masa. Kofin bana ya fi wancan, ba ku lura ba? Kuna so mu ɗauko shi baɗi ya rasa wurin zama?"

Wani ɗan kwamiti ya fara dariya, da ya ga shi kaɗai ne ya haɗiye abarsa. Ciyaman ya buɗe baki zai yi maganar wani kafinta, sai Dogo ya sunkuya ya tura kwalin ƙarƙashin tebur, inda yake tun asali.

"Ciyaman, a yi haƙuri," ya ce. "An ce kabad ɗin nan yana karya mana gwiwa. Wa ya tambaye mu? Ni na so ajiye safar hannuna tun bara. Duk ranar da na shigo na ga tsohon nan ya goge gilashi, kunya take hana ni." Ya matso ya kama ɗaya ɓangaren tsanin.

Ciyaman ya ce kwamiti zai sake zama. Har yau bai zauna ba.

Da suka fita, Baba ya miƙo mini tef in duba masa sabon katakon. Na duba sau biyu.

"Baba, ka yi kuskure. Inci huɗu muka auna, wannan shida ne."

"Ban yi kuskure ba. Mutanen nan ba su da tabbas, suna iya sake kofi kafin mu ɗauko." Ya laluba aljihu, ya ciro makullin daga cikin na shagonsa, ya sa mini a tafin hannu. "Na fara barin datti a gilashin, ba na gani. Daga Asabar ke za ki riƙa gogewa. Ciki da waje."

Na karɓa. Yanzu duk wanda ya kira ni 'Yar Mai Kabad, amsawa nake yi da ƙarfi.