Gogen da Na Kai wa Baffa

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da Baffa ya raba ni da kakannina a tsakar gidansa na Tudun Wada. An doshi shekara arba'in ke nan.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. Bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinmu muka buɗe adakarsa, sai ga goge a naɗe cikin tsohon rawani. Ƙwaryar ta yi baƙi don tsufa, tsagiyar duk ta tsinke. Mu da muka tashi ana gaya mana gidanmu gidan malamai ne kaka da kakanni, me ya kawo goge cikin kayan Baba? Duk babban da na tambaya sai ya kau da kai.

Wani abokin aikina, mutumin kudancin Kaduna, shi ya kwatanta mini wani tsoho a Makera da ke haɗa goge. Na same shi a rumfa yana jiƙa fatar guza. Ya karɓi gogen, ya kai ido kan 'yar kafar da ake bari a jikin fata, ya daɗe yana leƙen cikin ƙwaryar.

"Ɗana, akwai wata tsaga nan kusa da baki, na san ta. Mai ita dogo ne, yana ɗingishi?"

Na ce, "Haka na ji an ce kakana yake, Baba."

"To a hannunsa na koyi ɗaura fata."

Ya yi mini bayani cewa a gidajen masu wannan sana'a ba a yar da ƙwaryar gado. Wanda ya gaje ta zai sake mata fata, kuma kafin ya rufe sai ya tsaga tasa alamar a ciki, kusa da ta ubansa. Kowane gida da kowane gari da irin tsagarsu. Ya ce akwai wasu a can ciki da ido ba ya kaiwa, amma in na yarda ya ɗaye fatar, zai gaya mini su wane ne da garuruwan da suka fito.

Har ya ɗauko wuƙa. A nan na tafka wautar da ban yafe wa kaina ba. Na ce kayan gado ne, bari in nemi izinin babban gida tukuna. Wai ni mai ladabi.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je wurin Baffa, yayan mahaifinmu, na durƙusa na kwashe labari kaf na gaya masa, har ina washe baki. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya miƙo hannu.

"Kawo in gani."

Na ba shi da hannu biyu. Ya miƙe, ya ajiye gogen a ƙasa, ya sa takalmi ya take. Ƙwaryar ta ce ƙwas. Kafin in tashi ya kwashe gutsattsarin ya tura cikin murhun da ake dafa tuwo.

"Shekara hamsin muna wanke sunan gidan nan," ya ce, "kai kuma za ka zaga Kaduna kana shela mu jikokin maroƙa ne? Ka tashi ka ba ni wuri."

Na sa hannu cikin wutar, amma busasshiyar ƙwarya ba ta jira. Warin fatar da ke ƙuna ya cika gidan. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Na ce, "Baffa, da kuɗin gogen nan aka ciyar da kai har ka girma ka je Makka." Matarsa ta janye ni waje.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ba ƙin kiɗa yake ba. A bikin ɗansa masu goge ya ɗauko, ya yi ta juyi da babbar riga. Ya ji goge yana so, a ce ubansa ne ya ɗaura shi, nan ne abin kunya.

Na koma Makera hannu wayam. Tsohon ya gaya mini abin da ya sani game da kakana, amma daga kansa zuwa sama bai san kowa ba. Yanzu in jikokina suka tambaye ni daga ina muka fito, a kan mutum ɗaya nake tsayawa.

Abin da na koya shi ne, in ka samu mai gaya maka asalinka, zauna ka ji a take. Kada ka je neman izini wurin wanda asalin ke ba shi kunya.