Duniyar da aka ƙone a zango na huɗu

Ni dai ban nemi aikin nan ba, bakina ne ya ja mini.

Yayana tela ne, shagonsa na kusa da gada a nan Wudil, kafin ciwon suga ya cinye masa ido. Tun muna samari muke bin wani dogon fim na jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Duk Juma'a, ranar kasuwa, sai mu kai waya wajen mai turi ya zuba mana sabon fitowa, da fassarar Hausa. Yaya ba kallo kawai yake yi ba, haddacewa yake. Zai gaya maka a wane zango matuƙiyar jirgin ta rasa hannun hagu, da ranar da aka ƙone duniyarsu ƙurmus, har da mahaifiyarta a ciki. Ran nan sai da ya share hawaye da ƙyallen wani.

Da idon ya tafi, mai fassarar ma ya daina, sai na Turanci zalla ake samu. Yaya kuwa bai yi nisa a boko ba, ni ne malamin makaranta. Shi ke nan, bayan la'asar ɗin kowace Juma'a sai in zauna gefen tabarmarsa a zaure, waya na magana, ni ina mayar masa. A duk mako wannan zaman kaɗai ke fito da shi daga ɗaki.

Sai masu fim ɗin suka yi mana aika-aika. A zango na tara, ga matuƙiya da hannu biyu garau, ta sauka a duniyar da aka ƙone, uwarta na yi mata sannu da zuwa. Babu bayani ko na kalma ɗaya. Wallahi raina ya ɓaci, kuma cikin ɓacin ran na faɗa masa yadda abin yake. Ya sa na mayar baya har sau uku. Ya ce a ɗinki ko hannun riga ya fi ɗan'uwansa da rabin inci, warwarewa ake yi. Daga nan ya lalubi bango ya shige. Kwana biyu matarsa tana dawo da tuwo yadda ta kai shi, kuma Juma'ar da ta biyo bai fito ba.

Tsoro ya kama ni. Na same shi a ɗaki na ce ai mun yi musu gaggawa, ashe mafarki take yi, an nuna ta farka da dungulminta. Ya ce yanzu ya ji magana. Ya fito.

To, daga ranar na shiga uku. Fim ya yi gabas, ni na yi yamma. Suna shan shayi da uwar a cikin waya, ni ina cewa taron yaƙi ake yi. Na sayi littafi na musamman ina rubuta wa ya mutu, wa ke da rai, saboda Yaya ba ya mantuwa. In na kuskure sai ya hau zagin masu fim, ni kuma in taya shi, alhali ni ake zagi. An nemi mayar da ni wata makaranta a Darki, na yi ta roƙo har aka bar ni. Biki ko suna, in ya faɗo Juma'a da yamma, an san ba ni. Akwai ranakun da nake jin haushinsa, Allah ya yafe mini, in ga kamar shi ya ɗaure ni alhali ni na ɗaure kaina.

Bara mai turi ya gaya mini an rufe fim ɗin, babu sauran sabo. Na rasa bakin faɗa wa Yaya. Sai na koma kunna tsofaffin marasa fassara don a ji ƙara, ina ɗora nawa labarin a kai. Amma na gaji. Na yanke shawarar in kashe matuƙiyar kowa ya huta, na kwashe makonni ina jan jirgin zuwa inda zai tarwatse.

Juma'ar da ta wuce ina tsaka da bayani, wuta ta kama injin, sai ya ɗora hannu a gwiwata.

"Canza wannan," in ji shi. "Sau huɗu ke nan kana saka shi, na gane tarin mutumin can."

Na tambaye shi tun yaushe ya sani, ya ce tun mafarkin.

"Naka ya fi nasu haɗuwa. Amma na ga inda ka dosa. Don Allah kar ka kashe ta, ƙanina. In ta mutu, me zan fito yi?"

Na kashe wutar injin da bakina, na ce sun samu sun sauka lafiya. Yau Laraba, littafin na gabana, kuma ban san inda jirgin zai nufa jibi ba.