Shanun Baba a Waya

Baba ba ya faɗin yawan shanunsa. Kakanninmu makiyaya ne kafin su zauna a Gammo su kama noma, kuma a gidanmu ba a ƙirga dabba a gaban mutane. In aka tambaye shi sai ya ce 'yan kaɗan ne, na shan nono.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, ina zuwa gida ƙarshen mako. Wata Asabar da damina, shanu sun ƙoshi suna sheƙi, na tsaya a bakin shinge na ɗauke su bidiyo suna fita kiwo. Ƙofar ƙarama ce, don haka ɗaya bayan ɗaya suka wuce, kamar masu jiran a ƙirga su. Na ɗora a shafina na rubuta: Arzikin Baba, Allah ya ƙara.

Kafin la'asar wani ya rubuta a ƙasa cewa talatin da takwas ne. Wani ya ce arba'in da ɗaya, an manta da maruƙa. Suka kwana biyu suna gardama. Wani kuma, mai hoton zaki a madadin fuskarsa, ya yaba ƙwarai, ya tambayi wane gari ne. Na gaya masa. Har na ƙara da cewa in ya sauka daga titi ya bi ta gefen masallaci, garken yana bayan kuka. A ganina ladabi na yi.

Ranar kasuwa Baba ya je sayen kanwa da dusa. Mai kanwa ya gaishe shi da gida, da gona, da ruwa, da gajiya, sannan ya tambayi lafiyar arba'in da ɗaya. Baba ya ce lafiya lau, ya karɓi kanwarsa. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan zakkar dabbobi. Baba bai taɓa fashin fitar da tasa ba, amma sahu biyu suka waiwayo suka dube shi.

Da na dawo Asabar, ya sa aka kira ni zaure. Bai yi faɗa ba. Ya ce in nuna masa bidiyon. Ya kalla sau biyu, ya riƙe wayar nesa da idonsa. Na tambaye shi wanne ne daidai cikin lissafin biyu, ya ce in tambayi mutanena, su suka fi shi sani. Daga nan ya sa na karanta masa duk abin da aka rubuta, har muka iso kan mai zakin.

"Wannan ɗan wane ne?"

"Ban san shi ba, Baba."

"Amma ka yi masa kwatance."

"Na yi."

"Ya yi kyau, ba zai ɓata ba," in ji shi, ya miƙo min wayar.

A nan gabansa na goge. Washegari ya raba garken biyu, ya ce rabi za su koma wurin ƙanensa a Lakwaya har kaka, kuma ni zan kora su tare da shi. Inna ta karɓi wayata ta sa cikin kwalla ta rufe. Rabon da in bi shanu tun ina aji uku. Muka bi burtali a ƙafa, takalmina na makaranta ya tsinke tun kafin azahar, Baba yana gaba da sandarsa a wuya. Bai yi min maganar bidiyon ba ko sau ɗaya. Ya nuna min inda suka taɓa yin mashekari, wato zangon shanu, da mahaifinsa, yanzu gonar masara ce.

Babu abin da ya sami shanun, mai zakin ma bai zo ba, ko kuma ya zo bai yi sallama ba.

Bayan wata guda wata malama a makarantarmu ta nuna min bidiyon a shafin wani saurayi da ban sani ba. Ya sa masa kiɗa, ya rubuta cewa shanun mahaifinsa ne, a wata jihar daban. Raina ya ɓaci. Na je gida na gaya wa Baba, na ce zan rubuta masa ya cire, in ba haka ba in tona shi.

Baba ya tambaya ko mutane sun yarda nasa ne. Na ce sun yarda, suna ta sa masa albarka.

"To ka bar masa," in ji shi. "Allah ya amfana."

Ya tashi ya tafi duba wata karsana da ke ɗingishi.