Verna, Wadda Babu Alƙalin da Ya Ɗaure Ta

Duk gundumarmu, nan cikin tsaunukan Kentucky, babu wanda ya daɗe a gidan yari kamar 'yar kawuna Verna Stidham, alhali ko allura ba ta taɓa sata ba. Masu kisan kai sun zo sun tafi, ɓarayin shanu sun tsufa sun mutu, ita tana nan shekara sittin da ɗaya. A can aka haife ta, a benen da ke saman kurkukun, don a wancan zamani duk wanda jama'a suka zaɓa yari, da iyalinsa yake tarewa a ciki, matarsa ta riƙa yi wa fursunoni girki. Ubanta ya ci zaɓe sau biyar. An ce kukanta na farko wani mashayi ne ya amsa shi daga ƙasa, ya ce a rufe wa sabon fursunan nan baki, mutane na barci.

Da iyayen suka rasu, duk wanda ya gaji kujerar sai matarsa ta leƙa benen sau ɗaya, ta ce ba da ita ba. Haka aka bar wa Verna bene da tukunya. Amma ba tukunyar ce ta ɗaure ta ba. Ginin ya girmi kakan kowa, kuma ƙofofin ɗakunansa duka da wani ƙaton ƙarfe guda ake buɗe su, wanda ke jikin bangon kicin. Dokar jiha ta ce muddin akwai mutum a kulle, dole wani ya kasance kusa da ƙarfen nan dare da rana, saboda gobara. Gandiroba ɗaya ne, shi ma da magariba yake kama hanyar gida. To saura wa?

Wani Delbert mai gyaran mota ya nemi aurenta, ta ce ya bari a gina sabon gidan yari. Ya yi shekara huɗu yana jira, yana cin wake da burodin masara a kicin ɗinta har ya ajiye tumbi, sannan ya kwashi tumbin ya kai gidan wata. Ƙanwarta Imogene kuwa tun tana budurwa ta tsere bakin teku a Alabama, ta ware mata ɗaki mai taga da ke kallon ruwa. Duk Kirsimeti sai ta aiko da kati, magana ɗaya ce a ciki: ɗakin na nan. Verna ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi rafin bayan coci faɗi ba.

Sau uku ana kawo maganar sabon gini a zaɓe, sau uku jama'a na kayar da ita, wai ɓarawo ba ya bukatar otal. A karo na huɗu rufin ne da kansa ya yi kamfe. Jami'in duba gidajen yari ya zo daga babban birnin jiha, yana tsaye yana rubutu, sai silin ya sauko masa a ka, haɗe da sheƙar tantabara da ƙwai uku. Ba a rufa shekara biyu ba gini ya tashi a bakin babbar hanya: ƙofofin lantarki, abinci a daskare daga kamfani, gado ɗari biyu da goma. Mu kuwa ɓarayinmu, ko an haɗa da surukansu, ba su cika talatin ba. Dabarar majalisar gunduma ita ce a ba maƙwabtan gundumomi hayar sauran gadajen, gini ya ciyar da kansa.

Ranar da aka kwashe fursunoni, Verna ta wanke tukunyar wake ta kife ta. Ta sa ranar tafiya wurin Imogene ƙarshen wata mai zuwa, ta sayi tikitin bas, ta sayi wata hula mai faɗin murfin rijiya. Muka yi ta tsokanarta, ta yi hankali, teku ba shi da ƙofa, kada ta rasa inda za ta tsaya gadi.

Ashe akwai mutanen da majalisa ta manta. Alƙalinmu, idan magidanci ya yi tuƙi a buge ko ya fasa wa wani baki a wurin rawa, ba ya ɗaure shi a jere, don kada ya rasa aikinsa a injin katako. Sai ya yanka masa kwana talatin, ya riƙa biya daga Juma'a zuwa Lahadi. 'Yan Juma'a muke ce musu. Ƙarfe shida suke zuwa da ƙafarsu, kowa da matashinsa a hammata. To ranar Laraba majalisa ta je ƙirga gadaje. Ta ga babu kowa a kan na 'yan Juma'a, ta sa hannu ta bayar da su haya na shekara uku.

Saura kwana tara ta tafi, ranar Juma'a da yamma, sai ga yari Hobart Combs a ƙofar kicin, hularsa a hannu. A bayansa mutum goma sha ɗaya, kowa rungume da matashi.

"Mis Verna, yau kin yi kyau."

"Hobart, tun kana satar tuffa ba ka taɓa yabona a banza ba. Wa ya mutu?"

Ya yi bayani yana juya hular. Sabon gidan ya cika maƙil da baƙi, yarjejeniya kuma ba ta warwaruwa. Alƙali ya ce in babu wurin kwana a nan, za a tura mutanen wata gunduma mai nisa su yi kwanakinsu a jere, kuma kowa ya san mai injin katako ba ya ajiye wa kowa gurbi. Jiha ta yarda a riƙa buɗe tsohon ginin ƙarshen mako, da sharaɗin nan na ƙarfe. Ya tuntuɓi mutum uku, babu wanda ya yarda ya kwana ƙarƙashin wannan rufi.

"Na ɗan lokaci ne, Mis Verna. Za a ƙara ɗakuna a sabon ginin."

"Ubana ma haka aka ce masa."

Daga can baya Arvel Sizemore, mai 'ya'ya biyar, ya miƙo wuya. "Yi tafiyarki, Mis Verna, ki gaida mana teku. Yarana ai sun iya cin ciyawa."

"Rufe mini baki, Arvel. Da ka tuna da su da ba ka hau motar nan a buge ba."

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ba ta san uwarsa ba, rabinsu kuma ta ciyar da ubanninsu a cikin ɗakunan nan. Kafin ta gama, Hobart ya kusa murɗe hular ta zama igiya. Sannan ta matsa daga ƙofa, ta ce su goge ƙafa kafin su shigo.

Hobart ya rantse mata Litinin zuwa Alhamis nata ne, ta je duk inda take so. Ta gwada sau ɗaya. Ta shiga bas Litinin da asuba, ta canza mota uku, ta isa Talata da yamma ƙafafu a kumbure. Laraba aka wuni ana ruwa, hazo ya rufe ko'ina, ta tsaya a tagar nan ta shekara da shekaru, tana jin ƙarar teku ba ta ganinsa. Imogene ta ce ta zauna, su can su san yadda za su yi. Verna ta ce to, idonta na kan agogo. Laraba da yamma ta kamo hanya, Juma'a da azahar ta ɗora wake.

Wata goma sha huɗu ke nan. Maganar ƙarin ɗakuna tana jiran zaɓen baɗi, jama'a kuma sun fara tambaya ko ba jiya aka gama wancan ba. 'Yan Juma'a sun kai goma sha tara, don alƙali ya ga wuri ya samu. Akwatunanta biyu suna ƙarƙashin gado a ɗaure. Makon jiya ta kwance ɗaya, don sanyi ya shigo, rigunan sanyinta kuma duk a ciki suke.