Kwalin Auta

A gidanmu ba a neman kofi inda ake ajiye kofuna. In kana son kofi, sai ka fara tambayar kanka na waye. Haka Inna, mahaifiyarmu, ta tsara gidanta, kuma wannan tsarin shi ne ciwon kaina tun ina yarinya har yau da na fara furfura.

Inna ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin wanki na wata makarantar kwana. Aikinta guda ne: kada zanin gadon wannan ɗalibi ya faɗa cikin na wancan. Kowane yaro da gurbinsa a kan kantar ajiye kaya, tawul ɗinsa da bargonsa da safarsa duk wuri ɗaya. Ta yi ritaya ta baro makarantar, amma ɗakin wankin ya biyo ta gida. Ɗan siton da ke bayan kicin ta cika shi da kwalaye har rufi, kowane kwali na mutum guda. Maƙwabta suka laƙaba mata Mai Kwali, ita kuwa tana amsawa da fara'a, a zatonta yabo ne.

Mu uku ta haifa: Yaya, ni, sai Auta. Kowa ya kama gabansa, ba ma haɗuwa sai hutun ƙarshen shekara, lokacin da makarantu ke rufewa, mu taru a wurinta da mata da miji da 'ya'ya. Hutu na ƙaratowa za ta hau kujera ta fara sauko da kwalaye. A cikin naka za ka tarar da farantinka, kofinka, cokalinka, rigar filonka, tawul da silifas. Da abin ya tsaya nan da ban ce komai ba.

Amma kayan adon gida na hutun ma haka take yi musu. Wanda ya kawo abu, a kwalinsa abin zai kwana. Fitilun ado masu walƙiya suna kwalin matar Yaya, don ita ta sayo su. Doguwar wayar da ake jona su tana kwalin mijina, don shi ya gyara ta wata shekara. Ledar tebur mai furanni tana kwalin marigayi Baba. Babban fulas na shayi yana kwalin Yaya, murfinsa kuwa yana nawa, saboda na asali ya fashe ni na sayo sabo. Kafin a sha shayi kofi ɗaya a gidan nan sai an buɗe mutum uku.

Ni a kantin magani nake aiki. Na tari yana wurin na tari, na ido yana wurin na ido, ko da idona a rufe zan miƙa hannu in ɗauko. Sai in baro wannan in zo gida in tarar da murfi da fulas suna zaman gaba. Wata rana haƙurina ya ƙare na ce, “Inna, don girman Allah ki bari in haɗa miki faranti da faranti, kofi da kofi. Kwali uku sun ishe ki, ki samu wurin juyawa.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke 'yar nan, faranti ne ke zuwa mini hutu ko mutane?”

“To murfin fulas fa, shi ma mutum ne?”

“Naki ne. In kin zo ya fito.”

Na fita waje na sha iska, don in na tsaya zan faɗi abin da zan yi nadama.

Kwali ɗaya ne ya fi ci mini rai, na Auta. Auta makanike ne, mai hannu, mai kuma zuciya a kusa. Shi ke hawa tsani ya rataya fitilun, kuma shi ya sayo ɗan baƙin kan wutar da ake soka su a ciki kafin su kama. Wani hutu ya zo da yarinyar da yake nema don mu ganta. Ana tsakiyar cin abinci Yaya ya ce, cikin raha wai, ta yi tunani da kyau, don Auta bai taɓa cika shekara a gareji ɗaya ba. Aka yi dariya, ban da Auta. Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya ce wa yarinyar ta tashi. Maganar auren ta watse daga baya, shi kuma bai sake taka gidan ba. Yakan kira Inna jefi-jefi, gaisuwa a tsaitsaye, shi ke nan.

Tun daga lokacin, duk hutu Inna sai ta sauko da kwalinsa. Ta wanke farantin da ba wanda ya ci a ciki, ta shanya tawul ya sha rana, ta jera masa wuri a tebur. Fitilun kuwa a rataye su a rataye, amma ba a kunnawa, don kan wutar yana kwalin Auta, kuma Inna ta ce shi ke kunnawa. Mijina ya taɓa sayo wani kan wutar a ɓoye. Ta gani ta karɓa, ta yi masa godiya har da addu'a, ta saka a kwalinsa ta rufe. Shekara da shekaru jikokinta na zaune ƙarƙashin fitilun da ba su taɓa ganin haskensu ba. Ƙaramar 'yata ta ɗauka igiyar shanya ce.

Bana kujerar ta goce da ita tana sauko da kwali, gwiwarta ta bugu. Yaya ya ce zaman kaɗaici ya ƙare, za ta koma wurinsa. Ɗakin da aka gyara mata ƙarami ne, gado da wadirob ɗaya, ba sito, ba lungu. Kowa ya zo ya kwashi kwalinsa, in ji shi. A raina na ce madalla, Allah ya kawo ƙarshen wahala.

Da farko abin ya tafi salin alin. Ta miƙa wa kowa nasa, har da jikoki. Na Baba nake tsoro, sai ga shi ita da kanta ta buɗe, ta ba Yaya hula, ta ba ni ledar tebur, ta ce a kai sauran ga mabuƙata. Na ce, “Inna, ba za ki riƙe ko abu ɗaya ba?”

Ta ce, “Shi ai na san inda yake. Ba jiransa nake ba.”

Nata kayan kuwa, na mace mai kwalaye har rufi, jaka ɗaya suka cika, jakar ma ba ta ƙoshi ba. Sito ya zama wayam, saura kwalin Auta a tsakiyar ɗaki, tana zaune kusa da shi da ƙafarta a miƙe. Muka gwada shi a wadirob, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ƙarƙashin gadon kuma ko tabarma ba za ta shige ba. Yaya ya ce a bayar. Inna ta ce in kwalin bai tafi ba, ita ma ba inda za ta. Ga motar kwasar kaya an riga an yi magana da ita, ga mai gidan da take haya ya sa ranar karɓar makulli.

Na ɗauki waya na kira Auta, ban ko tsaya doguwar gaisuwa ba. Na ce, “Kai, ka zo ka ɗauki kwalinka. Tsohuwa ta ƙi tashi saboda kai, ni kuma bayana ya kusa karyewa.” Ya ce zai duba.

Ranar tashi da hantsi sai ga shi, da kayan aiki a jikinsa, baƙin mai har wuyan hannu. Ya yi ƙiba, gemu ya fito. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ɗaga wa Yaya hannu daga nesa kamar wanda suka haɗu a tasha. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce in dafa shayi, na ce tukunyar tana cikin mota, fulas yana gidan Yaya, murfinsa yana gidana. Ko a jikinta.

Auta ya buɗe kwalin. Ya ɗaga silifas ɗin da suka bushe suka ƙanƙance, ya juya kofin, ya taɓa tawul ɗin da wanki ya cinye ba tare da kowa ya goge jiki da shi ba. Kan wutar ma ya ɗauka ya duba, ya mayar. Ina tsaye ina addu'a a zuci ya sungumi kwalin ya ɗaure a bayan babur mu huta.

Ya ce, “Inna, ni fa ɗaki ɗaya nake. Ina zan kai wannan tarkacen?”

Na ce, “Tarkacenka ne ai!”

Ya ce, “To ku zubar mana, Anti.” Ya duba agogo, ya ce ya bar motar mutane a buɗe, ya yi sallama ya hau babur. Ko zama bai yi ba.

Na juya ina shirin rarrashi, don na tabbata kalmar tarkace ta soke ta. Sai na tarar da fuskarta kamar an yi mata albishir. Tana ninke tawul ɗin, tana mayar da silifas a gurbinsu.

Ta ce, “Kin gani ko? Bai ɗauka ba.”

“Inna, cewa ya yi a zubar.”

“Da ya gama da mu da ya kwashe kayansa. Shekara nawa na yi a makaranta? Yaron da ba zai dawo ba shi ke kwashe gurbinsa tas. Wanda ya bar ko safa ɗaya, sai kin gan shi.”

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya, cewa Auta bai bar komai ba, ƙin ɗauka kawai ya yi, don ba ya so. Na dubi Yaya, ya kawar da kai. Na dubi gwiwarta da ta kumbura, da jakarta guda a gefen ƙofa. Sai na fasa faɗa. Abin da ya fito shi ne, “To a ina za a ajiye?”

Ta ce, “Ke da kika iya tsari?”

Yanzu kwalin yana ɗakina, tsakanin gado da bango, inda nake tuntuɓe da shi kullum da safe. Ni da na yi shekaru ina yaƙi da kwalaye, ni aka bar wa wanda na fi tsana. Duk mako sai ta kira ta tambaya ko na buɗe shi ya sha iska, in ce na buɗe, wani lokacin ma da gaske nake.

Da hutu ya zo, a gidan Yaya muka taru. Na cicciɓo kwalin na hau da shi bene ina haki. Matar Yaya ta rataya fitilunta a falo, mijina ya ja wayarsa har bango, aka bar bakinta a ƙasa ba a jona ba. Inna ta zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Yara suka zauna, shinkafa na hucewa, ta ce in fito da farantin Auta. Na fito da shi na dangwarar a kan ledar Baba da ƙarfin da ya sa cokula suka yi tsalle.

Ba ta ɗauke ido daga ƙofar ba ta ce, “A hankali, 'yar nan. Kar ki fasa masa.”