Mai Begilar da Ba Ya Busa Sai Kowa Ya Miƙe

Kullum da safe, kafin ya buɗe rumfarsa ta facin tayar keke da babur, Baba Mai Begila yakan shiga ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gidansa, ya ja ƙofa. Zai kwance begilarsa daga cikin wani tsohon tawul, ya cusa mata tsumma a baki don kada maƙwabta su kai ƙararsa, sannan ya yi ta hurawa har minti goma sha biyar. Abin da ke fitowa daga ɗakin, in ji matarsa, bai fi kukan akuya mai mura ba. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, da lafiya da masassara. Duk wannan wahala kuwa saboda busa guda ce wadda ba ta kai minti biyu ba, ana yin ta sau ɗaya a shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Yaran yanzu ba su san ranar da komai ba sai cewa ba a zuwa makaranta. Ba haka ta faro ba. Tsofaffi sun ce bayan an gama babban yaƙi, waɗanda suka dawo da ransu ne suka fara haɗuwa da kansu a gindin wata bishiya kusa da bariki, ba rumfa, ba kujera, ba babban baƙo. Su tsaya, su ambaci abokansu da aka bari a can, wani ya busa begila, su yi shiru, kowa ya kama gabansa. Daga baya hukuma ta shigo, ta mai da ita ranar hutu, aka gina dutsen tunawa, aka kawo fareti da ajiye furanni da jawabai masu tsawon igiyar rijiya. Abu biyu ne kawai suka saura daga na asali. Ƙarfe sha ɗaya a busa begila kowa na tsaye, busar na ƙarewa a yi shiru na minti guda.

Baba tsohon kofur ne. Ya yi shekara ashirin da biyu cikin kaki, bai wuce igiya biyu ba, kuma tun da ya tuɓe shi ne ke wannan busa a garinsu. Ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. Abin da aka fi saninsa da shi ma laifi ne, wai ba ya kiyaye lokaci. Sha ɗaya za ta buga, kowa ya zuba masa ido, shi kuwa begila na hannunsa ko ɗaga ta bai yi ba. Wata shekarar minti biyu, wata uku. Sakataren kwamitin bikin, mutum mai ƙwazo wanda agogo ya zame masa uban gida, ya sha tare shi.

"Haba Baba, soja da makara?"

"Ina sane, ranka ya daɗe," in ji shi. Bai taɓa ƙara ko kalma a kan haka ba.

Sai tsufa ya zo ya karɓi nasa. Haƙoran Baba biyu na gaba suka zube cikin wata guda, alhali a kansu leɓen mai busa ke dogara. Ya hura, iska kawai ke fita. Da ƙafarsa ya je ya gaya wa Sakatare ba zai iya ba, shi kuma ya samo busar da aka naɗa a na'ura, ya haɗa da lasifika. Bara, sha ɗaya daidai, ya danna. Busa ta fito tas, ba ko gargada, har Sakatare yana murmushi.

Baba na cikin taro a ranar, amma ba lasifika yake kallo ba. Idonsa na kan layin gaba, inda ake zaunar da tsofaffin sojoji. Babbansu shi ne Samanja, dattijo mai shekara casa'in da 'yan kai, wanda ya koya wa Baba fareti tun yana kurtu. Sanda biyu yake dogarawa, kuma duk wanda ya miƙa hannu zai taimake shi ya tashi sai ya sha harara. Aka fara busa Samanja na kokawa da kujera, aka gama yana kokawa. Aka yi shirun minti guda, gwiwoyinsa na rawa, bai kai ga miƙewa ba. Sai da mutane suka fara zama sannan ya tsaya cak shi kaɗai, hannunsa a goshi, yana sara wa busar da ta riga ta wuce. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, amma ya ji.

Abin da Baba bai taɓa faɗa wa kowa ba ke nan. Duk shekarun nan ba agogo yake jira ba. Yakan bi layin gaba da ido, ɗaya bayan ɗaya, sai tsoho na ƙarshe ya miƙe ya kai hannu ga hularsa sannan ya ɗaga begila. Makarar tana ƙaruwa ne saboda gwiwoyi na ƙara tsufa.

Da Baba ya je gaishe da Samanja bayan kwana biyu, tsohon ko kallonsa bai yi ba.

"Kofur, ina zaune aka busa wa matattuna," ya ce. "Shekara sittin ban taɓa yin haka ba. Ni da wajen bikin nan, an gama."

'Yar Samanja ta raka Baba ƙofa, ta ce masa tsohon ya sa ta cire lambobin yabonsa daga rigarsa ta soja, ta jefa su ƙasan akwati. Baba ya koma gida. Bai ga laifin Sakatare ba, bai ga na na'ura ba. Nasa ya gani, da ya yi saurin sallamawa.

Washegari ya tafi wajen likitan haƙori, aka yi masa na roba. Ranar da ya karɓo su ya shiga ɗakin ajiya da ƙarfinsa, ya ja numfashi ya hura, sai ga haƙora sun yi tsalle sun faɗa bayan buhun gawayi. Matarsa ta leƙo, ta gan shi a durƙushe yana lalube.

"Malam, haƙoran naka sun riga ka fita fareti ke nan?"

"Ki yi dariyarki ki gama, ki zo ki haska mini."

"Ka bar abin nan haka, don Allah. Wa ya taɓa ce maka sannu a kai?"

"Ba don sannu nake yi ba."

Ya ajiye na roba a kofi, ya mayar da bakin begilar gefen dama, inda sauran haƙoransa suke. Wannan kuwa koyo ne daga farko, ga mutum mai shekara saba'in da shida. Leɓensa ya tsage, ya kumbura, ya warke, ya sake tsagewa. Matar da ta ce ya bari ita ce ke ajiye masa ruwan ɗumi da gishiri a bakin ƙofa kullum, tana mita. Masu kawo faci suka riƙa tambayarsa ko faɗa ya yi da wani. Wata takwas ana haka. Wata safiya matarsa tana wanke-wanke sai ta ji ya zare tsumman, busa ta fito tun daga farko har ƙarshe. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ita dai ta ce sabulu ne ya shiga mata ido.

Da Baba ya je ya ce zai koma busa, Sakatare bai karɓi maganar da sauƙi ba, kuma yana da hujjarsa.

"Baba, in ta kakare maka a gaban manyan baƙi fa?"

"Ka ajiye na'urarka kusa. In na kasa, ka danna. Amma kada yatsanka ya taɓa ta sai layin gaba ya gama miƙewa." Sannan ya gaya masa abin da ya faru da Samanja, da dalilin makarar shekara da shekaru. Sakatare ya ture takardun gabansa gefe, ya ce ya yarda.

Saura Samanja. Shi kam ya kafe.

"Na ce ba ni zuwa."

"To, ranka ya daɗe, ni dai zan tsaya da begila a hannu har sai ka zo ka miƙe. In rana ta faɗi mutane na tsaye, kai ka tsayar da su."

"Kofur, ni kake wa barazana?"

"Odarka ce nake bi. Kai ka koya mini ba a busa sai layi ya cika."

Bana, ranar ta zo. Samanja na layin gaba, lambobinsa sun koma ƙirji. Sha ɗaya ta buga, taro ya tashi, tsoho ya dafa sandunansa ya fara. Minti biyu, ya ɗago ya koma. Minti huɗu, wani daga rumfar manyan baƙi ya matso yana raɗa wa Sakatare, yana nuna masa agogo. Sakatare ya zura hannayensa biyu cikin aljihu, ya dubi gabansa. Baba na tsaye a gefen dutsen, zufa na bin wuyansa, begila a ƙasa. Sannu a hankali Samanja ya miƙe, ya saki sandar dama ta faɗi, ya kai hannu goshi. Sai a lokacin begila ta tashi. Muryarta ta ɗan karye a wajen ƙarshe, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Shirun da ya biyo baya, ko tari ba a yi ba.

Da aka watse, Baba ya zo ya ɗauko sandar ya miƙa masa. Samanja ya dube shi sama da ƙasa, idanunsa jajur.

"Kofur, ka makara da minti shida."

Baba ya ƙame. "Laifina ne, ranka ya daɗe."

Kai ne wannan, Baba Mai Begila. Kai ne ka ɗauki sunan makararre shekara talatin da wani abu don kada a ce wani tsoho ya gaza. Kai ne ka tuna mana cewa ranar nan ba don rumfa da jawabi aka kafa ta ba, don mutanen layin gaba ne da waɗanda suke sara wa. Mun gode, Kofur. Allah ya ƙara wa leɓen nan ƙarfi, ya saka wa mai kawo ruwan gishiri da alheri.

Likita ya ce haƙoran gefen ma sun fara girgiɗi, don haka ba mu san busa nawa ta rage ba. Sakatare ya rubuta a tsarin biki cewa daga yanzu, da baki ko da na'ura, ba a busa sai layin gaba ya miƙe. Ya kyauta, amma takarda ba ta da ido. Duk mai numfashi a ƙirji da haƙuri a zuciya, rumfar faci a buɗe take, Baba ya ce zai koyar, kuma darasin farko ba busa ba ne, jira ne. Sauranmu kuwa, a asibiti muke ko a ofis ko a bakin mota, akwai wani tsoho a gabanmu da ke ƙoƙarin miƙewa. Mu jira shi. In kuma kun bi ta layin su Baba gobe da safe kuka ji kamar akuya mai mura na kuka a bayan gida, ku tsaya har ya fito, ku ce masa sannu da aiki.